Biki da Kasuwa a Gaɓar Hamada: Daga Mertoutek zuwa Damargu

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Larabawan da suka kira ƙasarmu ta kudu Sahel, wato gaɓa, sun san abin da suke faɗi. Hamada teku ce, raƙumi jirginta, Agadas da Tawa da Damagaram da Tamanrasat kuma tashoshinta. Hujjar wannan takarda guda ce: bukukuwan addini da na shekara da ake yi a gaɓoɓin wannan teku, da kasuwannin da ke ci a gefensu, abu ɗaya ne tun asali, amma hukumomin Aljeriya da Nijar sun raba su gida uku. Biki yana hannun ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, kasuwa tana hannun ma'aikatar ciniki da duwan, hanyar da ke haɗa su kuma tana hannun jami'an tsaro. Kowane ofishi yana riƙe da nasa kason, babu mai tambayar ko abin da aka yanka yana da sauran rai.

Mertoutek ya isa misali. Wannan ƙauye na tsaunukan Teffedest, a gundumar Idles, duniya ta san shi ne da zanen duwatsu tun bayan littafin da Chasseloup-Laubat ya buga a 1938, kuma yana cikin gandun Ahaggar da aka kafa a 1987. Duk jami'in da ya ambaci sunansa, baƙon Turai mai kyamara yake hange. Amma gabas da waɗannan tsaunuka akwai filin gishiri na Amadror, inda ayarin Buzayen Ahaggar ke ɗaukar kaya su nufi Damargu bayan girbi, su komo da gero. Ba ni gishiri in ba ka manda a zahiri ke nan. Lambunan kwaruruwan Ahaggar ba su taɓa isar ciyar da yankin ba. Geron manomin kudu ne ke cika rumbu. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin dalilin da ziyarar waliyyai ta Tazrouk da ta Daghmouli ke tara jama'a daga nesa ba. Ana karatun Alƙur'ani, ana raba sadakar abinci, ana tseren raƙuma da kiɗan tende, kuma a nan mai bin bashi ke ganin wanda yake bi, mai raƙumin sayarwa ke samun mai saye. Iyakar da aka tsaurara bayan 'yancin Nijar a 1960 da na Aljeriya a 1962, da shigowar manyan motoci, da farin 1973, su suka karya ayarin. Bukukuwan sun rayu, amma an yanke musu jijiyar da ke kawo musu jini.

Me hukumomi suka maye gurbinta da shi? Rajista. Hukumar UNESCO ta shigar da gogen imzad na Aljeriya da Mali da Nijar cikin jerinta na al'adun gargajiya a 2013, Sebiba ta Djanet a 2014, Sbu'a ta Timimoun a 2015, bikin kamun kifi na Argungu a 2016, hawan sallar Kano a 2024. Takardun yabo sun taru, kuma kowace takarda ta zo da alkawarin baƙi daga Turai. Amma tun a 2003 aka sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya, a Janairun 2013 aka kai hari Tiguentourine kusa da In Amenas, baƙin suka ɗauke ƙafa. Bikin Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, an yi shi a 2009 sannan aka yi shiru har 2020. Kasuwar Assihar ta Tamanrasat ma ta yi shekaru a rufe, kuma tun da aka dawo da ita ranar buɗe ta take yawo daga wannan wata zuwa wancan. Ku kwatanta da Biyanu na Agadas da Sebiba, waɗanda ke bin watan Muharram kuma 'yan unguwa ke riƙe da su. Jinjirin wata ba ya jiran a sa hannu a kasafin kuɗi.

Akwai darasi a wata gaɓar. A jihar Odisha ta gabashin Indiya, mabiya addinin Hindu suna yin bikin Bali Jatra a Cuttack, a bakin kogin Mahanadi, ranar cikar watan Kartik da ke faɗowa wajen Nuwamba. Da asuba suna sakin 'yan jirage na takarda da ɓawon ayaba a kan ruwa, don tuna fataken da suke tashi a wannan lokaci zuwa Bali da Java da Sumatra in iska ta juya. Jiragen fatake sun daina tashi tun da daɗewa, kamar ayarin Amadror. Amma kasuwar da ke ci a gefen bikin tana cikin mafi girma a jihar, domin an bar ranar a inda addini da yanayi suka ajiye ta, gwamnati ta tsaya ga fili da ruwa da tsaro, ƙaramin mai sana'a kuma ya samu wurin baza kayansa.

A nan kuwa, dokar Aljeriya ta cinikin musaya da Nijar da Mali, ta 1994 da wadda ta sabunta ta a 2020, ta ƙayyade kayan da za su fita irin su dabino da gishiri, da waɗanda za su shigo irin su dabbobi da gero da lalle, sannan ta keɓe harkar ga masu rajistar sari. Mai buhu biyu na gero, wanda kakanninsa suka gina wannan ciniki, ba shi da gurbi. Hanyar In Guezzam zuwa Assamaka da Arlit, wadda ake alfahari da ita a matsayin ɓangaren titin Aljas zuwa Legas, ita ce aka bi da mutane fiye da 30,000 da aka kora daga Aljeriya aka zube a bakin iyaka a 2024 kaɗai, kamar yadda ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga, suna taka kimanin kilomita 15 a ƙafa zuwa Assamaka. A Afrilun 2025 kuma aka janye jakadu tsakanin Aljeriya da Nijar. Wane ɗan kasuwar Tawa zai zuba jarinsa a irin wannan hanya?

Za a ce tsaro ne ya kawo haka, kuma matsalar tsaro gaskiya ce. Sai dai mai safarar makamai ba ya bi ta ƙofar duwan ranar biki. Fataken da aka hana ƙofa ne ke komawa ɓarauniyar hanya, inda babu mai ganin kayansu. Wasu kuma za su ce ziyarar waliyyai bidi'a ce, ko su ce bai dace a kwatanta taron Musulmi da na Hindu ba. Hukuncin ziyara na malamai ne, suna kuma kan muhawararsu. Abin da aka kwatanta a nan tsarin kasuwa ne, kuma ciniki a lokacin ibada abu ne da ko a aikin hajji aka halatta.

Saboda haka buƙatu uku ne. A tsayar wa Assihar lokaci guda bayan girbin kudu, kada wani ofishi ya sake taɓa shi. A ba ƙananan 'yan kasuwa takardar shiga ta kwanakin biki da ziyara, a kuma buɗe musu musaya ba tare da rajistar sari ba. A ware wa ƙauyuka irin su Mertoutek da Idles da Tazrouk rumfunansu a kasuwar. Jami'an da ke zaune a sahun gaba sun san cewa babu ɗaya cikin ukun da ke buƙatar sabon gini. Sa hannu kawai suke jira.