Kalmar da ba ka sani ba, tambayi maƙwabtanta



Yau hirarmu a kan karatun Ingilishi take. Yaranku suna fara shi tun ajin farko na koleji. Bayan shekara 4 su same shi cikin jarrabawar BEPC. Ana ba yaro ɗan labari, a yi masa tambayoyi. In ya gamu da baƙuwar kalma, sai ya tsaya cik, lokaci yana wucewa.

To, ku da kanku kun san dabarar. Ku dubi "gari". In kun karanta "Hadiza ta tankaɗe gari", kun san na tuwo ne, ba Maradi ba. Wa ya gaya muku? Kalmar "tankaɗe".

Haka Ingilishi yake. Kalmar "bank" tana nufin banki, wurin ajiyar kuɗi. Tana kuma nufin bakin gulbi. In ana zancen masunta da jirgin ruwa, ai ba kuɗi ake nufi ba.

Ku gaya wa yaro kada ya tsaya. Ya karanta jimlar har ƙarshe, da ta gabanta, da ta bayanta, sannan ya dawo. Ya kula da "but", wato amma: abin da ya biyo ta yakan saɓa wa na farko.

Sai sati mai zuwa.