Jawabi Kan Aika Majiyyata Zuwa Asibitocin Ƙashi

Jama'a, tsarin kiwon lafiya na ƙasar nan, kamar yadda aka shimfiɗa shi a 1988, hawa uku ne: ɗakunan shan magani na ƙananan hukumomi, da manyan asibitocin jihohi, sa'an nan asibitocin ƙwararru na Gwamnatin Tarayya. A hawa na uku ne asibitocin ƙashi suke, irin su na Igbobi a Legas, da na Inugu, da na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959. Abin da ke kai majiyyaci daga wannan hawa zuwa wancan shi ne takardar da ma'aikacin lafiya ya rubuta masa.

Lalle ne takardar ta faɗi ranar da aka ji rauni da yadda aka ji shi, da maganin da aka bayar, da ko an yi allurar sarƙe-haƙora, da ko majiyyaci yana da ciwon sukari ko sikila. In an ɗauki hoton ƙashi, a haɗa da shi. Takardar da ta ce "karaya" kurum tana sa likita ya koma farko, a ɓata lokaci, a ɓata kuɗin talaka.

Akwai waɗanda ba su kwana. Wanda ƙashinsa ya huda fata, da wanda yatsunsa suka yi sanyi ko baƙi a ƙarƙashin ɗauri, da wanda ya bugu a gadon baya, a aika su nan take. Na ƙarshen a kwance bisa katako. Ɗaurin da ya matse yana tsai da jini, naman ya ruɓe, har ya kai ga yanke hannu ko ƙafa. Yara da yawa sun nakasa ta haka bayan an fara kai su wurin ɗori. Amma targaɗe da ƙaramar karaya, babban asibitin jiha yana iya musu, ba sai an cika layin Dala ba.

Sa ido kuwa aikin shugaban kowane asibiti ne. Ya ajiye littafin waɗanda aka aika, ya riƙa dubawa: wa ya isa, wa ya ɓace a hanya, me ya jawo jinkiri? Haka kuma likitan ƙashi ya mayar da amsa a rubuce, don a ci gaba da jinya kusa da gida.

Dangin majiyyaci su nemi wannan takarda, su adana ta, su tafi ranar da aka ce. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.