Jawabin Kwamiti Kan Maganar Bankin Hatsi da 'Yan Mishan

 

Maigari, ranka ya daɗe. Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu dattawa, maza da mata, muna gaishe ku. 'Yan'uwa 'yan biɗa da kunka zo daga Tawa da Yamai da Abijan da Ikko, sannunku da hanya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, takardar ga za ta iske su inda suke.

Abin da ya tara mu yau kowa ya ji shi. Ma'aikatan wata ƙungiyar agaji ta Kirista sun zo daga Tawa har sau biyu, sun zauna da Maigari, sun ce in muna so za su taya mu buɗe bankin hatsi. Tun daga ranar magana ta rabu biyu. Wasu sun ce a karɓa, yunwa ba ta tambayar addini. Wasu kuma, har da dattawan da muke jin nauyinsu, sun ce a yi hattara, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kun ɗora wa kwamiti ya bincika. Mun bincika, ga abin da munka gani.

Da farko, 'yan Mishan ba baƙi ba ne a ƙasar ga. Mishan ɗin da ake kira SIM ya sauka Damagaram tun 1924. Su ne sunka buɗe asibitin Galmi a 1950, nan cikin jihar Tawa, bisa babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, sunka kuma buɗe na kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956. Da wuya a samu gida a garin ga da bai taɓa kai mara lafiya Galmi ba. Katolika su ma suna da tasu ƙungiyar agaji, Caritas, wadda tun 2005 ake ce mata CADEV. Cocinsu na Tawa yana ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001, lokacin da anka naɗa Ambroise Ouédraogo ya zama na farko. Ayyukan da anka san ƙungiyoyin ga da su su ne gina rijiya, bankin hatsi, makaranta, da ciyar da yaran da tamowa ta kama. Kuma ku tuna, Kirista a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Ke nan mafi yawan masu shan ruwan rijiyoyin nan Musulmi ne irinmu.

Na biyu, suna wa'azi ko ba su yi? Ba za mu ɓoye muku ba. Wanda ya kwana Galmi ya san ana wa'azin Almasihu a can, su ma ba su taɓa musun haka ba. Addininsu ne ya sa su aikin. Amma yau shekara fiye da 70 ke nan, mutanen Galmi da kewaye suna nan da masallatansu. Da munka tambayi waɗanda sunka zo mana ko akwai sharaɗin addini, sun ce babu, kuma sun yarda a rubuta haka cikin takarda.

Na uku, mun je wurin malamanmu. Sun tuna mana cewa sa'ad da wahala ta yi wa sahabbai yawa a Makka, wurin Najashi sarkin Habasha anka tura su, shi kuwa lokacin Kirista ne. Sun ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Don haka mu'amalar abinci da wanda ba Musulmi ba ba ta ɓata imani. Ku 'yan biɗa kun fi kowa sanin wannan. A Abijan da Ikko gidajen Kirista kuke haya, da su kuke ciniki. Abin da ya faru Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, da anka ƙona coci-coci, kunya ce ta kama kowane mai hankali. Maƙwabci yana da hakki ko wane ne shi.

To, yanzu sai maganar da ta fi ci mana rai. Dattawa sun ga yunwar 1973 da 1974. Da yawanmu mun ga ta 1984, wadda ake ce wa El Buhari, da anka rufe iyakar Nijeriya. Ta 2005 kuwa ko samari sun san ta. Kowace ta zo, halinmu ɗaya ne. Da kaka mu sayar da hatsi da arha don biki da biyan bashi. Da bazara mu sayo shi da tsada wurin ɗan kasuwar da ya boye shi. Damina na faɗuwa rumbu ya ƙare, magidanci ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani. Wannan ciwon shi bankin hatsi ke magani. A sayi hatsi da kaka, a ajiye a mangaza, a sayar wa 'yan gari tiya-tiya cikin watannin wahala, ƙasa da kuɗin kasuwa, kuɗin kuma a sake sayen wani da kaka mai zuwa.

Su 'yan Mishan buhunan farko kaɗai za su zuba, su koya wa mutum biyu riƙon littafi. Ginin mangaza namu ne, tsaro namu ne. Mun zagaya garuruwan da ke da irin bankin ga a nan Adar. Inda ya mutu, abu uku ne ya kashe shi: bashin da ba a biya, mabuɗi a hannun mutum ɗaya, da rashin rubutu. Ba mu ji inda addini ya kashe shi ba. Abin tsoron yana cikin gidanmu.

Saboda haka kwamiti yana kawo shawara biyar.

1. A karɓi taimakon, da takarda mai sa hannun Maigari da Liman, wadda ta ce babu sharaɗin addini.
2. Kowane ɗan biɗa ya ba da jika 5 don siminti da kwano da ƙofa. Na gida su buga tubali.
3. Kowane gida ya kawo tiya 4 da kaka. Tiya 40 ke cika buhu, gida 10 sun tara buhu ke nan. Ta haka jarin ba zai zama na baƙo kaɗai ba.
4. Mangaza ta samu kwaɗo uku, mabuɗi uku, ɗaya a hannun mata. Aikin gyaran ƙasa na Keita da anka fara a 1984, mata ne sunka ɗauki yawancin duwatsunsa maza suna wajen biɗa. Wanda ke gida cikin yunwa shi ya kamata ya riƙe mabuɗi.
5. Babu bashi, ko ga ɗan Maigari, ko ga ɗan kwamiti. Gajiyayyu da marayu a biya musu daga zakkar gari.

Iyayenmu, ku gafarce mu in mun yi tsauri. Mutanen da ba su kai 1 cikin 100 ba sun iya tara abin da za su kawo mana, mu da ke da zakka da 'ya'ya a ƙasashe biyar muna zaune muna jiran mota ta taso ƙura. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu karɓa da godiya, mu riƙe amana, har ranar da wani gari zai zo ya ce mu ma mu taya shi.

Wanda ke da magana ya tashi ya faɗa nan gaban kowa. Na nesa su aiko wa ma'ajin ƙungiya amsarsu kafin kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da yunwa da rarrabuwar kai. Amin.