JAWABIN TUNAWA DA BABA TSOHON SOJA, ƊAYA DAGA CIKIN WAƊANDA SUKA KAFA WANNAN IKKILISIYA



Kwamitin jubili ya ba mu minti goma mu yi magana a kan iyayen da suka aza harsashin wannan majami'a a nan Kongo shekara 50 da suka wuce. Minti goma ba za su ishe su duka ba, shi ya sa muka ɗauki mutum ɗaya, wanda yara da manya ba su san shi da wani suna ba sai Baba Tsohon Soja.

Yawancinmu mun san shi a bakin ƙofa ne, riƙe da agogo, yana buga ƙararrawa. Idan an ce sujada ƙarfe tara, to tara ce, ko fasto ya iso ko bai iso ba. Mu da muke samari a lokacin mun sha gunaguni. Kaɗan ne suka tambayi inda ya koyo wannan hali.

Yana saurayi ya shiga soja a nan Zariya, a barikin horar da kurata da aka kafa a 1924, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A 1943 aka ɗebi Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a jiragen ruwa, suka zagaya ta kudancin Afirka har Bombai a Indiya. Ku dubi yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Galma ba, ga shi makonni a kan teku! Daga Indiya aka tura su ƙasar Bama su fuskanci Jafanawa a kwarin Kaladan. Babu hanyar mota a wurin. A ka suke ɗaukar kaya da harsasai, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. Zazzaɓi da atuni sun kwantar da mutane da yawa. A Janairun 1945 su da Runduna ta 82 suka kama Myohaung. Sunayen nan da kuke ji a barikoki, Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Ikko, daga can aka kawo su.

Hausa ce harshen bariki a zamanin, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya riga ya fito tun 1932. A hannun wani abokin soja Baba ya fara haɗa baƙi a cikinsa. Ya sha faɗa mana cewa a daji ya koyi karatu, a kan teku ya koyi addu'a.

Da aka sallame su a 1946, da yawa sun dawo gida ba aiki. Shi sai ya tsaya a Ikko ya shiga aikin jiragen ruwa na 'yan kasuwa, masu zirga-zirga tsakanin Apapa da Libaful ta Ingila. A can ƙasan jirgi yake aiki, wajen injin, cikin zafin da ya fi na bazara. Gyaɗar Kano da audugar Zariya da jirgin ƙasa ke saukewa a Apapa, su ne yake rakawa Turai, shi kuwa sai ya yi shekara bai taka Zariya ba. Aikin yana da wulaƙanci ga baƙar fata, ta wajen albashi da abinci da wurin kwana. A 1959 ma'aikatan Nijeriya na jirgin Apapa, mallakar kamfanin Elder Dempster, suka yi yajin aiki a Libaful saboda wariyar launin fata. A shekarar ce kuma Nijeriya ta kafa kamfanin jiragenta, wanda aka rufe a 1995.

A jirgi, wanda ya makara wajen karɓar aiki ya sa ran kowa a hatsari. Can agogon Baba ya samo asali. Haka kuma littafin baikon da ya riƙe mana shekaru masu yawa, kwabo bai taɓa ɓata ba. Kwanon rufin farko na wannan ɗaki, rabinsa daga ajiyarsa ya fito, ya kuma hana a sanar. Yau mun sanar. Idan aka ba shi karatun nassi, Zabura 107 yakan zaɓa, ko Ayyukan Manzanni 27, ya karanta a hankali kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

Ga abin da ya dame mu. Mun buga hotuna a wannan littafi, amma da muka nemi tarihin iyayen nan a rubuce, shafi biyu bai cika ba. Tsararsa sun ƙare. Matansu kaɗan ne suka rage a Tudun Wada da Sabon Gari, wasu ba su da mai kai su asibiti. Ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, washegari an manta.

Saboda haka dattawa sun yanke shawara biyu. Matasa za su bi gida gida da biro da takarda su rubuta abin da iyayenmu mata suke tunawa, kafin Kirsimeti. Kashi ɗaya cikin goma na baikon godiyar yau kuma za a keɓe shi domin gwaurayen tsofaffin sojoji, Zumuntar Mata ce za ta raba.

Muna roƙon iyalin Baba su miƙe tsaye, jama'a su gan su, sa'an nan mu yi addu'a.