Abin da Ruwan Jakara Yake Ɗauke da Shi



Duk wanda ya bi ta Kwakwaci da rani ya ga yadda latas da alayyafo suke yin kore shar a gefen rafin Jakara a Kano, injin ban-ruwa yana zuƙo baƙin ruwa yana kwarara shi cikin fangali. Tambayi mai lambun, zai ce maka ruwan nan da takinsa yake zuwa. Kuma gaskiyarsa ce. Ruwan wanki, fitsari, tsiyayar shadda da jinin mayanka, duk abin da lambatun Kano ke zubawa a Jakara cike yake da naitirojin da fosfaras, su ne kuwa manomi yake biyan kuɗi masu yawa ya saya a buhun NPK.

To amma shuka ba ta shanye komai. Ragowar tana gangarawa har madatsar Wasai da ke Minjibir, wadda aka gina a 1976. Ruwa kuwa idan ya kwanta da taki a cikinsa, gansakuka da kainuwa yake ciyarwa. Su rufe samansa, su tare hasken rana, su mutu su nutse, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su kuma su cinye iskar oksijin da kifi ke rayuwa da ita. Da dare tsiro ba ya fitar da oksijin, shaƙa yake yi. Shi ya sa a irin wannan ruwa da asuba ake ganin kifi ya taso sama yana buɗe baki. Masunci yakan ce ruwa ya ɓaci, bai kuwa yi kuskure ba.



Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rijiya. Naitiret, wato siffar da naitirojin ke komawa a cikin ƙasa, ba ya maƙalewa; bin ruwa yake yi har ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari. Uwa za ta jawo guga ta ga ruwa garai-garai, ta tafasa don ta kare jaririnta, alhali tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin kowace lita, kuma saboda jarirai ta sa: idan ya yi yawa, jinin jariri yakan kasa ɗaukar oksijin, leɓɓansa su rine su yi shuɗi. Gidaje nawa ne a garin nan da rijiya da masai da kwata suke cikin tsakar gida ɗaya?

Ba na goyon bayan a kori masu lambu. Da wannan sana'ar suke ciyar da iyali, mu ma ganyensu muke ci. A haƙa musu kududdufan da ruwa zai kwanta ya tace kafin ya shiga fangali. Ku kuma ɗaliban kimiyya, awon naitiret ba ya buƙatar babban ɗakin gwaji. Ku zaɓi lambatu da rijiyoyin unguwanninku, ku auna da rani, ku auna bayan ruwan farko, ku kai wa mai unguwa sakamakon a rubuce da Hausa.