Ina Za a Ajiye Waƙafin Sama? Lacca kan Tsara Madannai don Harshen Lojban



Lojban harshe ne da aka ƙera da gangan. Wata ƙungiya a Amurka ce ta fara shi a 1987, bisa harsashin Loglan da James Cooke Brown ya soma a 1955. An haƙo saiwoyin kalmominsa daga harsuna shida: Sinanci, Ingilishi, Hindi, Sifaniyanci, Rashanci da Larabci. Da haruffan boko ake rubuta shi, amma babu h, q da w. Maimakon haka, waƙafin sama harafi ne cikakke da ake furtawa kamar h, aya kuwa tana nuna ɗan dakatawar murya.

To, ku dubi madannan da ke gabanku. Tsarin QWERTY, wanda ya shiga kasuwa da tafiretar Remington a 1874, wasali ɗaya tak ya ajiye a layin tsakiya, inda yatsu ke hutawa, wato a. Ga h zaune a wuri mai tsada ba ya aikin komai, waƙafin sama kuma an jefar da shi can gefe wa ƙaramin yatsa. Mu da ke fama da 'ya'ya da ma'ana a rubutu kullum mun san wannan gajiyar.

Da yawa za su ce a koma tsarin Dvorak na 1936, kuma suna da hujja: ya jera wasula biyar a hannun hagu, manyan baƙaƙe a dama. Kalmomin Lojban kusan baƙi ne wasali, baƙi wasali, sai hannuwa su riƙa karɓeɓeniya kamar mata biyu a kan turmi ɗaya.

Sai dai gyara da saura. A Dvorak waƙafin sama yana bisa a, yatsa ɗaya ke danna su. Ku gwada buga na'e ko ba'o, ku ji yadda ƙaramin yatsan hagu ke tsalle sau biyu a jere, shi da ya fi kowa rauni. Aya ma tana bisa e, alhali .e kalma ce mai haɗa abu biyu, ba ta rabo da jimla.

Ra'ayina shi ne, tunda waƙafin sama tsakanin wasula biyu kawai yake zuwa, a ɗauke shi baƙi, a mai da shi hannun dama, a ba shi kujerar h a ƙarƙashin manuniya. Aya ta bi shi dama, domin ita ke gabatar kalmomin da suka fara da wasali, irin su .i mai raba jimloli. Gurbin q da w ya isa ya ɗauki waƙafi, wanda ba a cika buƙata ba.

Abin da ya rage shi ne baƙaƙen da ke haɗuwa biyu-biyu, kamar kl a klama da rc a zarci. Wannan sai an tara rubutun Lojban an ƙirga, a ga waɗanda suka fi yawan haɗuwa, kada su faɗa wa yatsa ɗaya.