Yoyo da Naso: Harshen Gareji da Matsalar Baƙin Mai a Fulogi



Mai yiwuwa ne wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da fulogin mota? Amsar ita ce, akwai jimla guda da ake yawan faɗa a gareji, wadda ƙarancin bayaninta ke jawo wa jama'a asarar kuɗi. Jimlar kuwa ita ce, "Fulogi ya sha mai."

Mu ɗauki direban da ke jigilar fasinja da buhunan hatsi daga Kwandiko zuwa Gwaram ko Birnin Kudu. Inji ya fara karkarwa, ƙarfinsa ya ragu, ya kai wa bakanike, aka zaro fulogi aka gan shi jiƙe sharkaf. To wane mai ne, kuma ta ina ya zo? Kalmar "mai" a Hausa ta haɗe fetur da baƙin mai. Idan fetur ne, wannan batu ne dabam. Idan kuwa baƙin mai ne, hanyarsa biyu ce, kuma tsakanin kuɗin gyaransu akwai tazara mai nisa.

Hanya ta farko daga waje take. A injuna da yawa fulogi yana zaune ne a cikin wani rami mai zurfi da ya ratsa murfin kan inji. Haka injin Peugeot 504 yake, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, shekarar da kuɗin Udoji ya sa ma'aikata da dama suka mallaki mota. Haka kuma yawancin injunan Toyota da Honda na zamani suke. A ƙarƙashin murfin nan baƙin mai yana ta fantsama. Abin da ke hana shi shiga ramin shi ne gasket ɗin murfin da wasu ƙananan zobba na roba. Zafin inji da daɗewa sukan busar da robar ta ƙandare, sai mai ya riƙa naso a hankali har ya taru. Lantarkin da ke isa ga fulogi ya haura bolt 10,000, kuma injin da ke juyi 3,000 a minti yana bukatar kowane fulogi ya ba da tartsatsi sau 25 a daƙiƙa. Da zarar mai ya kumbura robar da ta rufe kan fulogi, sai wutar ta sami hanyar zurarewa ta gefe, silinda guda ta daina aiki sosai. Gyaran nan na 'yan sa'o'i ne.

Hanya ta biyu daga ciki take, wato zobban fistin sun cinye, ko robar wuyan bawul ta mutu, mai yana shiga inda fetur ke ƙonewa. A nan bakin fulogin ne ke yin baƙi da danƙo, salansa ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, mai kuma ya riƙa raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Wannan kam sai an buɗe inji.

Ga inda rikicin yake. Idan ramin ya cika da mai aka kwance fulogi ba a tsane shi ba, man zai gangara ya wanke fulogin har bakinsa, ya kuma zuba cikin silinda tare da ƙurar da ta taru, ballantana a lokacin hunturu. Ana tayar da inji sai hayaƙi ya turnuƙe. Mai mota ya gani da idonsa, aka ce masa sai an sauke inji, bai da bakin musu. Ba na cewa duk bakaniken da ya faɗi haka macuci ne. Sau da yawa shi ma a haka ya koya wurin ubangidansa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba. Matar da ke da tulu ta san bambancin naso da yoyo, ta san ɗiga ba tsiyaya ba ce. Manomi ya san tsattsafo. Mun ari fulogi da fistin da salansa daga Ingilishi, ba laifi, domin kayan baƙi ne. Amma yadda ruwa ko mai ke fita daga mazubi, wannan ilmi namu ne tun kaka da kakanni, sai ga shi mun bar shi a ƙofar gareji. Da za a ce "mai ya yi naso cikin ramin fulogi", ko "inji yana ƙona mai", da direban Kwandiko ya san wanne ya same shi kafin ya sayar da akuya.

Ga ma'aikacin da ke da mota, abin da zai nema kaɗan ne. A leƙa ramin da tocila kafin a sa sifana. In akwai mai, a tsane shi tukuna. A canza gasket da zobban tare, kada a wadatu da shafa gam. Kada kuma a ɗaure notocin murfin da ƙarfin tsiya, domin hakan yakan lanƙwasa murfin ko ya tsaga shi, yoyon ya ƙaru. A duba ɗan bututun da inji ke shaƙatawa ta cikinsa, don in ya toshe, iskar da ta taru za ta sake turo mai ta sabuwar robar.